Beben Harafi a Tsakiyar Shakka

Bayan sallar isha'i ne, an ɗauke wuta. 'Yar yayata tana zaune kan tabarma da fitilar caji, tana haddar kalmomin Turanci saboda jarrabawa. Malaminsu ya ba su jerin kalmomin da ake cin karo da su a littattafan falsafa, irin na sani da zato da kokwanto. Tana karantawa a bayyane, ina jinta sama-sama, sai na ji ta ce, "Daubut."

Na ce, "Sake faɗa in ji."

"Daubut, Kawu. Ga shi nan: d, o, u, b, t."

Na gaya mata *daut* ake cewa, ma'anarsa shakka, harafin *b* kuwa ba a furta shi. Ta ɗago kai ta dube ni kamar wanda ya ce a zuba gishiri a miya amma kada kowa ya ji ɗanɗanonsa.

"To in ba a faɗinsa, wa ya sa shi? Me yake yi a wurin?"

Tambaya ce ta Bahaushiya tsantsa. Mu a rubutun boko abin da baki ya faɗa shi hannu ke rubutawa, kowane harafi da aikinsa, har lanƙwasar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ba don ado aka yi ta ba. To ga harafi ya share wuri ya zauna a tsakiyar kalma, ba ya motsi, ba ya magana, kuma ba wanda ya kore shi. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce mata ta ba ni kwana uku. Tambayoyi uku na riƙe: wa ya shigo da shi, yaushe, kuma me yake ɓoyewa?

Wanda na fara tuhuma shi ne tsufa. Ina da dalili, domin a jerin nata akwai wani beben, wato *k* na *know*, kalmar sani, da 'yarta *knowledge*. Wannan *k* ɗan gida ne. Turawan Ingila na da *cnawan* suke cewa, suna furta shi sarai, sai a ƙarni na 17 bakinsu ya yar da shi, rubutu ya ci gaba da goyonsa. Jamusawa har gobe suna furta nasu a *Knie*, wato gwiwa. Akwai ma ɗan uwansa da ke magana a cikin Turancin kansa: a 1869 masanin halittu Thomas Henry Huxley ya ƙirƙiri *agnostic* don ya siffanta mai cewa asirin da ke bayan halitta ya fi ƙarfin saninsa, kuma *g* da *n* na cikinta, waɗanda ya aro daga Girkanci, saiwarsu ɗaya da *k* da *n* na *know*. Ke nan *k* dattijo ne da shekaru suka ɗauke wa murya. Na ce shi ma *b* haka ne, a da *daubut* ɗin ake cewa, yarinya ta yi daidai, makara kawai ta yi da shekara ɗari shida.

Sai na nemi shaida a tsofaffin rubuce-rubuce. Geoffrey Chaucer, babban marubucin waƙoƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, *doute* yake rubutawa. Na ƙara ja da baya zuwa ƙarni na 13, lokacin da kalmar ta fara bayyana a Turanci. *Dute*. *Doute*. Ko ƙyallin *b* babu. Bai tsufa a gidan ba. Ba a ma haife shi a can ba.

Zato na biyu daga makarantar allo ya zo mini. Duk wanda ya ɗan taɓa Larabci ya san wawun Amru, wanda ake rubutawa a ƙarshen sunan ba don a furta shi ba, sai don kada a rikita Amru da Umar, tunda baƙaƙensu ɗaya ne. Na ce ƙila *b* mai gadi ne irin wannan. Har na samo wanda ake gadin dominsa, wata tsohuwar kalma *dout*, mai nufin kashe wuta ko fitila. Biri ya so ya yi kama da mutum. Amma da na dubi halin Turanci sai na ga ba harshe ne mai wannan kishin ba. Kalma ɗaya *bank* tana nufin gidan ajiyar kuɗi tana nufin gaɓar kogi, ba wanda ya ƙara mata ko ɗigo. Kuma ga wani *b* ɗin a *debt*, wato bashi, shi ma bebe, shi ma gab da *t*, alhali ba shi da tagwai da za a raba shi da ita. Ɓarawon da ya shiga gida biyu ta taga iri ɗaya, dalilinsa ɗaya ne. Na saki wawun Amru. Amma na rubuta *debt* a gefen takarda.

Na uku, maɗaba'a. Nan na ɗauka na gano bakin zaren. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila, a Westminster, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana fatauci a birnin Bruges na yankin Flanders, wanda ke cikin Beljiyam a yau. Daga can ya koyo al'adun rubutun mutanen yankin, kuma wannan tasirin ake ɗora wa alhakin *h* da ke cikin *ghost*, kalmar fatalwa, domin a harshensu *gheest* ake rubutawa. Masu jera baƙaƙen dalma na wancan zamani kuma sukan ƙara harafi ko su rage don layi ya cika daidai. Ga mai laifi da ya taɓa yin irinsa, ga dama, ga kayan aiki. Saura me?

Saura lokaci. *B* ya riga inji isowa. Tun a ƙarni na 14 ya fara leƙowa jefi-jefi a littattafan da aka kwafa da hannu. Sannan kalmar shakka a harshen mutanen Bruges ba ta da *b* ko kaɗan, *twijfel* suke cewa. Caxton ya kuɓuta. Amma ku riƙe mini *twijfel* ɗin nan a aljihu. Za mu neme ta.

Dare na biyu ya yi, ina da gawa ba mai kisa.

Sai na ce bari in bi kalmar zuwa garinsu. *Doute* baƙuwa ce a Ingila. Bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa suka kwararo cikin Turanci, ita ma ta biyo ayari. To ko can ta baro *b* ɗinta, daga baya aka aiko mata? Na duba tsohon Faransanci: *doter*, *douter*, *doute*. Babu. Na duba na yau: *doute*. Babu. Har na fara tattara takarduna, sai idona ya faɗa kan Faransancin da ke tsakani, na ƙarni na 15 da na 16.

*Doubte*.

Da *b*. A Faransa ma.

Ashe hannu ɗaya ne ya yi aiki a gaɓa biyu na teku, a zamani ɗaya. Ba sarki ba ne, domin sarakunan biyu yaƙi suke yi da juna. Ba talaka ba ne, domin talaka bai iya rubutu ba. Wane ne ke da gida a Landan yana da gida a Faris, kuma kowa na jin maganarsa a kan alƙalami?

Shaidar da ta fasa ƙwan daga dandalin wasa ta fito. A cikin wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna *Love's Labour's Lost*, wanda aka buga a 1598, akwai wani malamin makaranta, Holofernes, mai ji da Latin ɗinsa. A wani wuri yana ta faɗa a kan mutanen da ke lalata harshe, kuma misalan da ya kawo su ne kalmominmu biyu: yana ƙorafin ana faɗin ta shakka da ta bashi ba tare da an furta *b* ba. Ku dubi abin da wannan ya tona. Jama'ar gari ba sa furtawa, shi ya sa 'yan kallo za su yi dariya. Wanda ke kare harafin, yana so a tilasta wa baki ya bi takarda, malami ne.

Malamai ne. Su da magatakarda masu kwafar littattafai.

Gidan da suke da shi a kowace ƙasa kuwa shi ne Latin, harshen coci da jami'a da shari'a. Sun san *doute* jikar *dubitare* ce ta Latin, wadda bakin Faransawa ya yi ta gogewa ƙarni bayan ƙarni har *b* ya zube, kamar yadda tsohon kwabo ke rasa zanensa a hannun 'yan kasuwa. Sun san *dette* jikar *debitum* ce. Sai suka ga bai kamata 'ya'yan manyan gida su riƙa yawo ba tsagar gado ba, suka ɗauki alƙalami suka mayar musu da ita a fuska. Ba su damu da ko za a furta ba. So suke duk mai ilimi da ya ga kalmar ya san zuriyarta.

Wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu. Kalmarmu *littafi* daga *al-kitab* ta Larabci ta fito, bakin Bahaushe ya narkar da *k* ya mayar da shi *t*. A ce wani malami mai kishin Larabci ya tashi ya ce daga yau a rubuta *liktafi*, amma a ci gaba da cewa littafi, ɗalibansa su bi, jikokinsu su gada. Abin da ya faru da *doubt* ke nan, ba ragi ba ƙari. Haka suka yi wa *subtle*, wadda a da *sotil* ce. Wani lokacin ma zumuɗi ya kai su shiga gonar da ba tasu ba: suka cusa *s* a *island*, kalmar tsibiri, bisa zaton dangin *insula* ce ta Latin, alhali 'yar asalin tsohon Turanci ce da ba ta taɓa haɗa jini da ita ba. Faransawa daga baya sun share nasu *b* ɗin. Turawan Ingila suka bar nasu, ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya buga masa hatimi.

Na samu amsar wa, na samu amsar yaushe. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Me yake ɓoyewa?

Na bi tsagar zuwa gidan da take nunawa. *Dubitare* ƙanwar *dubius* ce, kuma a nan *b* yana magana da babbar murya, har a Turancin yau ana jinsa a *dubious*, abin da ba a natsu da shi ba, da *indubitable*, abin da ba ya karɓar tantama. Na ɓare gaɓar farko. *Du*. Ita ce ta *duo*.

Biyu.

Nan na ajiye alƙalami na ɗan yi shiru. Mai shakka, a wurin mutanen Rum, shi ne wanda abu ya zame masa biyu. Sai na laluba aljihu na ciro *twijfel*. Biyu a harshen nan *twee* ne. Jamusawa suna ce wa shakka *Zweifel*, biyu kuma *zwei*. Kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita kafin *doute* ta zo ta ture ta, *tweo* ce, 'yar ɗakin su *two* da *between*. Wato sun kori 'yar gida sun ɗauki baƙuwa, ashe baƙuwar ma abu ɗaya take faɗa. Mu kuma da ba mu haɗa kaka da kowannensu ba, me muke cewa in mutum ya kasa tsai da magana? Ya yi zuciya biyu. In kuwa ya ba da gaskiya ba tare da wasi-wasi ba, sai mu ce ya yi da zuciya ɗaya.

Kalmarmu *shakka* daga Larabci muka aro ta, kuma malaman usulu ba su bar ta sakaka ba, sun ɗora ta a sikeli. Imamul Haramaini al-Juwaini, wanda ya rasu a 1085, ya fayyace a ɗan littafinsa *Waraƙat* cewa shakka tana nan ne inda abu biyu ke iya yiwuwa kuma babu wanda ya rinjayi ɗaya, in ɗaya ya fi nauyi kuwa an koma zato. Kowane masallaci ya san wannan a jikinsa. Kana zaune a tahiya, sai zuciya ta ce raka'a uku ka yi, ta sake cewa a'a, huɗu ce. Ba ka rasa sani gaba ɗaya ba, domin ka tabbata ba bakwai ba ce. Amsa biyu ce ke tsaye a gabanka kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa hukuncin ya ce ka yi gini a kan wadda ka tabbatar, ka cika, ka yi ba'adi. Masu shakkar Girka na da, waɗanda Turanci ya samo *sceptic* daga sunansu, su ma sikelin suka riƙe. Asalin kalmar mai dubawa ne, mai bincike. Likitan nan Sextus Empiricus, wanda ya rayu wajen shekara ta 200, ya bayyana dabararsu: a kawo wa kowace hujja kishiya mai ƙarfinta, in sun yi kunnen doki sai a dakatar da hukunci.

Akwai wani kamanni da ya fi ba ni mamaki. A Hausa in aka ce wane ba ya shakkar kowa, ba maganar kokwanto ake yi ba, tsoro ake nufi. To a zamanin Chaucer *doute* ma tana ɗaukar ma'anar tsoro, kuma ragowar wannan ma'ana tana nan a *redoubtable*, wato mutum mai kwarjini da ake shayinsa. Harsuna biyu da ba su san juna ba sun lura da abu ɗaya: wanda ke tsaye a mararraba da dare, bai san wace hanya ce ta gida ba, gabansa faɗuwa yake yi.

A dare na uku sai wata tambayar ta fito daga cikin amsar. In abu biyu ne a kan sikeli, wa ke riƙe da sikelin?

Ɗalibin al-Juwaini, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa a *al-Munƙizu minad Dalal*. Ya tuhumi ido, domin ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro ƙarami alhali lissafi ya nuna girmansa. Ya tuhumi hankali, domin mai mafarki ma yana gaskata abin da yake gani har sai ya farka. Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Bayan shekara ɗari biyar da ɗoriya, Bafaranshe René Descartes ya shiga wannan daji da gangan, a littafinsa na 1637 da na 1641. Ya yar da shaidar gaɓɓai, ya kawo maganar mafarki, har ya ƙaddara akwai wani mayaudari mai ƙarfi da ke ruɗinsa a kan komai. Ya raba kowane abu biyu, ko haka ne ko ba haka ba. Abu ɗaya ya ƙi rabuwa. Ko ana yaudararsa, dole akwai wanda ake yaudara. Mai shakkar yana nan.

Na ce to madalla, an iso ga ɗaya. Sai na dubi kalmar da Turanci ya zaɓa don wannan mai riƙe da sikeli, na ga biyun ta riga ni zuwa. *Conscious* daga *con* da *scire* take, wato sani tare da wani. A Latin *conscius* shi ne wanda kuka san asiri tare, abokin sirri ko mai shaida, kuma sukan ce mutum ya san abu tare da kansa. Ke nan akwai mai aikatawa, akwai mai kallonsa, duk a cikin riga ɗaya. Masanin falsafa John Locke ya ɗauki *consciousness* ya gina ma'anar mutum a kanta a babin da ya ƙara wa littafinsa kan fahimtar ɗan Adam a bugu na biyu, 1694. Ya kawo misalin ɗan sarki da mai gyaran takalmi: in ran ɗan sarki, ɗauke da sanin duk abin da ya aikata a baya, ya koma jikin mai gyaran takalmi, wa za a tambaya laifin ɗan sarkin? Locke ya ce wanda ke ɗauke da sanin. Kalmar sabuwa ce ƙwarai a lokacin, har mai fassara littafin zuwa Faransanci a 1700, Pierre Coste, ya rasa takwararta, ya ɗauki kalmarsu ta lamiri ya tsaga ta da ɗan karan ɗori, *con-science*, don mai karatu ya ga ɓangarorin biyu da idonsa. Shi ma, kamar magatakardan da suka cusa *b*, alama ya bari a jikin kalma don a tuna asalinta.

Da kwana ukun suka cika na zauna na warware mata duka, tun daga Chaucer har mai gyaran takalmi. Tana saurare, tana juya fensir a hannu. Da na gama sai ta jawo jerin nata ta nuna mini kalmar ƙarshe, *individual*, wadda malaminsu ya fassara musu da mutum ɗaya tilo. Ta tambayi asalinta. Na ce daga *individuus* take, abin da ba ya rabuwa, kuma da ita marubucin Rum Cicero ya fassara kalmar Girkawa *atomos*, ƙwayar da ba ta yankuwa.

Ta yi shiru tana kallon fitila.

"Kawu, in mutum ba ya rabuwa, to wa ke yin zuciya biyun?"

Na ce wannan kwana uku ba za su ishe ta ba. Ta yi murmushi, ta sunkuya kan littafinta. Na leƙa. Ta zagaye *b* na *doubt* da fensir, a samansa ta rubuta ɗan ƙaramin 2, sannan ta ci gaba da hadda.